Jan Ƙyallin Ganye: Yadda Ake Auna Wahalar Shuka Tun Ido Bai Gani Ba

 Jama'a masu sauraro, iyayenmu manoma da 'yan'uwanmu makiyaya na Paikon Kore da Dobi da Ibwa da sauran garuruwan ƙasar Gwagwalada, da dukan wanda muryarmu ta riska, a gida yake, ko a gona, ko a ruga. 

Mas'alar da za mu yi bahasi a kanta yau, ko da yake a farkon ji za ta yi kama da zancen masana na cikin ɗakin bincike wanda ba ruwan mai fartanya da shi, idan aka yi haƙuri aka bi ta sannu a hankali za a tarar ba ta da wani gida da ya wuce gona. Duk manomin da ya daɗe yana noma ya san alamomin ƙishirwa a jikin shuka: masara ta naɗe ganyenta tun da hantsi, wake ya yi yaushi, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ya fara bushewa daga baki. Wannan ilmi ne na haƙiƙa, wanda aka gada kaka da kakanni, ba kuwa mai raina shi sai wanda bai taɓa jiran ruwan sama da zullumi a zuciyarsa ba. Amma yana da naƙasu guda, watau alamar zahiri takan zo ne a makare. Kafin ganye ya sake launi har ido ya shaida, aikin da ke gudana a baɗininsa ya riga ya raunana da kwanaki, wani sashe na amfanin da ake sa rai kuwa ya riga ya tafi.

Mu a nan ba a bakin hamada muke ba. Daminarmu takan kama tun daga Afrilu ta kai Oktoba, ƙasarmu tana ba da doya da rogo da shinkafa, ga masara da dawa da gyaɗa da riɗi, har mutumin Katsina ko Maraɗi, wanda kakanninsa suka ga farin 1973 da na 1984, yana iya cewa ina mu ina kukan fari. Sai dai farin da ke cutar da mu wani iri ne dabam, shi ne ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina, sa'ad da masara take fitar da kai tana shirin goyo, lokacin da ƙishirwa ta fi yi mata ɓarna. Ba a manta da daminar 2024 ba, sa'ad da ruwa ya ɗauke makonni a tsakanin Yuli da Agusta a jihohi da dama na tsakiyar ƙasar nan, har jama'a suka fita roƙon ruwa. Ban da wannan kuma ga wata musiba ta biyu wadda kakanninmu ba su san ta da wannan yawa ba, ita ce gurɓacewar iska: hayaƙin tireloli da tankoki masu bin hanyar Abuja zuwa Lokoja dare da rana, da ƙurar tifofi, da hayaƙin janareto da na masu toya gawayi, da na ƙunar daji idan kaka ta wuce.

To, ta yaya za a tambayi ganye halin da yake ciki tun bai nuna ba? Amsar tana cikin wani ɗan haske ja da kowane ɗanyen ganye yake fitarwa matuƙar rana tana dukansa, wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani a fili. Kafin mu kai gare shi sai mun fara sanin sana'ar ganye.

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya sanya wani koren sinadari a cikin ganye, wanda wasu masana harhaɗa magunguna biyu na ƙasar Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware shi a 1817 suka sa masa suna kulorofil. Aikin wannan sinadari shi ne kama hasken rana. Da ƙarfin hasken nan ganye yake tsaga ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa, kana ya haɗa abin da ya rage da iskar kabon da ya zuƙo daga sarari, ya ƙera sukari, wanda daga gare shi ne ƙwayar masara da ƙullin doya da ciyawar da saniya take mayarwa nono suke samuwa. Ita kuwa iskar kabon tana shiga ne ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, galibi a bayansa, waɗanda saboda ƙanƙantarsu ana iya samun ɗari ko fiye a wurin da bai fi kan allura ba. Ina roƙon masu sauraro su riƙe zancen ƙofofin nan da kyau, gama a bakinsu ne fari da hayaƙi suke haɗuwa.

Hasken da kulorofil ya kama ba shi da mafita sai uku. Ko dai ya tafi ga aikin ƙera abinci, ko ganye ya zubar da shi ta hanyar zafi, ko kuwa ya sake fitowa a matsayin haske ja. Masu lambu a bakin kogin Usuma za su fi kowa saurin fahimtar wannan, domin misalinsa kamar ruwan da injin ban-ruwa ya turo ne cikin babbar hanya, ta rabu gida uku: ɗaya ta nufi fangali, ɗaya ta koma rafi, ta uku kuwa 'yar siririya ce mai zurara a gefe. Ruwan da injin ya turo ƙayyadadde ne, saboda haka idan aka toshe hanyar fangali dole sauran biyun su cika, idan kuma aka buɗe ta sosai dole su ragu. Mutumin da ba shi da ikon leƙa fangalin, idan ya tsaya ya lura da 'yar siririyar nan yana auna hauhawarta da saukarta, zai iya sanin abin da ke faruwa a ciki. 'Yar siririyar ita ce jan ƙyallin, kuma ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken da ganye ya sha ba. Ƙanƙantarta, da kuma yawan hasken rana da ganye ke mayarwa, da kasancewar wani sashe nata ya gota iyakar launin da ido ke iya riska, su ne dalilan da suka sa muke wucewa ta cikin gonaki duk rayuwarmu ba mu taɓa ganinta ba.

Wanda ya fara ba da labarin ganinta shi ne David Brewster, mutumin Sikotilan, a 1834, sa'ad da ya jiƙa ganye a ruwan sifirit har korensa ya fita, ya ratsa shi da hasken rana, sai ya ga hanyar hasken ta zama ja wur a cikin koren ruwa. A 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya bayyana ƙa'idar irin wannan haske, cewa abu yakan sha haske mai wani launi ya mayar da shi da wani launin mai ƙarancin ƙarfi. Aka ɗauki kusan shekara 80 abin yana zaman al'ajabi kurum, sai a 1931 wasu masana biyu a birnin Haidalbag na Jamus, Hans Kautsky da A. Hirsch, suka yi wata tajriba wadda ta zama tushen wannan fanni duka. Sun ajiye ganye cikin duhu, sa'an nan suka haska shi farat ɗaya, suna kallo ta wani gilashi mai tace launi, da idanunsu kurum, ba da wata na'ura ba. Suka ga jan ƙyallin ya tashi da sauri cikin kimanin daƙiƙa guda, kana ya riƙa sauka a hankali cikin 'yan mintoci, kuma saukar tasa tana tafiya daidai da yadda ganye ke fara zuƙar iskar kabon. Rahoton da suka rubuta bai cika shafi guda ba. Ni dai a ganina akwai darasi ga ɗalibanmu a nan, waɗanda da yawansu suke zaton ba a yin bincike sai da kayan miliyoyi.

Daga baya kayan aiki suka zo. A 1986 Ulrich Schreiber da abokan aikinsa a Jami'ar Wurzbag suka fito da na'urar da ke iya rarrabe jan ƙyallin daga hasken rana, ta hanyar aika nata ɗan hasken mai ƙyaftawa da sauri da sauraron amsar wannan ƙyaftawar kaɗai, har ya zama ana iya fita da ita gona da rana tsaka. A yau akwai irinta da ba ta fi tafin hannu ba. Wata ma, mai suna MultispeQ, wadda ɗakin binciken David Kramer a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka ya ƙera, da wayar hannu take aiki, an kuma yi amfani da ita a gonakin ƙananan manoma a ƙasar Malawi.

Ga yadda awon yake. Mai awo zai zaɓi ganye wanda ya gama buɗewa, ba jariri ba ba tsoho ba, ya maƙala masa wani ɗan matsi mai murfi wanda zai rufe wani ɗan gurbi cikin duhu na minti 20 zuwa 30. Hikimar duhun ita ce, a cikinsa hanyar ƙera abinci takan buɗe gaba ɗaya ta zauna tana jira, hanyar zubar da zafi kuma takan lafa. Sa'an nan ya ɗora bakin na'ura, ya zare murfin, na'ura ta aika haske mai rauni ƙwarai, ta rubuta ƙyallin da ya dawo. Wannan shi ne mafi ƙarancin ƙyalli. Nan take kuma sai ta watsa wani haske mai tsanani, wanda ya fi na tsakar rana, na abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ya cika hanyar ƙera abinci maƙil har ta kasa karɓar ƙari, ƙyalli ya tashi zuwa matuƙarsa. Wannan shi ne mafi yawan ƙyalli. Sai a ɗebe ƙaramin daga babban, a raba abin da ya saura da babban. A misali, idan ƙaramin 170 ne babban kuma 1000, saura 830, idan aka raba sai a sami 0.83. Idan kuwa ƙaramin ya hau zuwa 250, babban ya faɗo zuwa 700, natija za ta zama 0.64. Ba a tsinke ganyen ba, ba a ji masa rauni ba, gobe ma ana iya komowa a sake tambayarsa.

Lambar nan ta 0.83 ba da ka na kawo ta ba. A 1987 Olle Björkman da Barbara Demmig, suna aiki a Kalifoniya, suka auna tsirrai fiye da iri 40, daga itatuwa zuwa ciyayi, na ƙasashe dabam-dabam, suka tarar muddin ganye yana cikin ƙoshin lafiya to awonsa yana kewayen 0.83. Lalle wannan abin tsayawa ne a yi tunani, a ce kaɗanya da ɗorawa na dajinmu, da itacen da ke tsiro a cikin ƙanƙara, da alayyafon lambu, duk da bambancin surarsu da mazauninsu, an daidaita su bisa mizani guda a wannan wuri. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙaddara kome bisa gwargwado. Fa'idar wannan ga mai awo kuwa ita ce ya sami ma'auni tabbatacce: ganyen da aka samu ya sauka ƙasa da wannan da nisa, to akwai abin da ya taɓa shi.

Akwai hujja a kan ingancin wannan awo wadda take hannun kowane manomin masara, ita ce maganin ciyawar nan atirazin da ake fesawa bayan shuka. Yadda yake kashe ciyawa shi ne, yakan je ya zauna daidai kan hanyar ƙera abinci ya toshe ta. Mai gona zai jira kwanaki kafin ya ga ciyawa ta yi fari ta bushe, alhali kuwa da za a ɗora na'ura a kan ganyenta bayan maganin ya shiga jikinta, za a ga ƙyallin ya tashi ya ƙi sauka, ciyawar tana nan kore shar amma sana'arta ta tsaya.

Yanzu sai mu zo ga fari, a nan kuma ya wajaba in yi magana da taka-tsantsan, domin akwai masu zaton da an ɗora na'ura an gama. Shuka idan ta fara jin ƙishirwa, abin da take fara yi shi ne rufe ƙofofin nan na ganye don kada ruwan jikinta ya tsere. Rufewar tana tsare ruwa, amma tana hana iskar kabon shiga, ga rana kuwa ba ta fasa duka ba. Sai ganye ya wayi gari da haske mai yawa ba abin da zai yi da shi, kuma haske irin wannan, idan ya taru, yakan haifar da waɗansu sinadarai masu ƙuna da ke lalata kayan aikin ganyen kansa. Kariyar da aka halitta masa ita ce ya buɗe hanyar zafi sosai ya zubar da rarar. Muddin wannan kariya tana aiki, awon cikin duhu zai iya ci gaba da nuna 0.80 ko abin da ya yi kusa, alhali shuka ta riga ta rage ƙera abinci ƙwarai. Saboda haka wanda ya dogara ga lambar duhu kaɗai zai iya ce wa manomi gonarka lafiya lau, ya kuwa yi kuskure. Don haka ne masana suka ƙara wani awo na biyu, wanda Bernard Genty da abokansa suka shimfiɗa ƙa'idarsa a 1989, ana yinsa a cikin rana ba tare da rufe ganye ba, yana faɗin kashi nawa na hasken da ganye ke sha a wannan sa'a yake tafiya ga aiki. Wannan na biyun, tare da awon yawan zafin da ake zubarwa, sun fi saurin tona asirin ƙishirwa, musamman a masara da dawa da gero.

Lokacin awo ma yana da hukunci. A zafin Gwagwalada, inda a watan Maris ma'aunin zafi yakan kusanci digiri 40, ko ganye mai lafiya yakan sauke awonsa da azahar, ya fara farfaɗowa bayan la'asar, ya kwana ya gyara abin da ya lalace. Wannan saukar ba cuta ba ce, dabarar tsira ce. Amma idan aka fito bayan sallar asuba, kafin rana ta ɓullo, aka tarar awon bai komo ba, yau haka gobe haka, to ɓarna ta fi ƙarfin gyara, kuma a nan ne mai injin ban-ruwa ya kamata ya san ba sauran jinkiri.

Gurɓatacciyar iska kuwa ba abu guda ba ce. Akwai ƙura, ta hanya da ta hunturu, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar hunturu tana da alherinta, gama takan sauke wa ƙasa waɗansu ma'adinai masu amfani, amma idan ƙura ta yi kauri a kan ganye takan tare haske, ta cushe ƙofofi, ta ƙara masa zafi. Duk wanda ya dubi mangwaron bakin hanya a watan Janairu ya ga wannan. Akwai hayaƙin farar wuta daga man dizal, wanda idan ya shiga ganye yakan narke cikin ruwansa ya zama guba. Sai kuma ta uku, wadda ta fi su ɓoyuwa ta kuma fi su ɓarna ga amfanin gona a duniya, ita ce iskar ozon. Ita ba ta fita daga salansar mota kai tsaye. Iskokin da ke fita daga mota da janareto da wutar daji su ne suke haɗuwa a sarari, zafin rana ya dafa su, su rikiɗa su zama ozon, iska kuma ta ɗauke ta zuwa nesa, har ya zamana sau da yawa ta fi yawa a ƙauyukan da ke bayan birni bisa ga tsakiyar birnin kansa. Mutanen Los Anjalis ta Amurka su ne suka fara ɗanɗana wannan, tun wajen 1944, sa'ad da manoman kayan lambu na kewayen birnin suka ga ganyensu yana ƙonewa ba tsutsa ba cuta, sai a farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Haagen-Smit ya tabbatar da cewa hayaƙin mota da hasken rana ne asalin abin. A Afirka ta Yamma kuwa an san ozon takan ƙaru a watannin rani, lokacin ƙunar daji.

A 1978 Schreiber ɗin nan da muka ambata, tun yana aiki a ƙasar Kanada, shi da abokansa suka shaƙa wa ganyen wake iskar ozon, suka tarar jan ƙyallin ya nuna cutar aƙalla sa'a 20 kafin wani tabo ya bayyana a ido.

To, ga inda mas'alolin biyu suka sarƙe. Ozon ba ta da hanyar shiga ganye sai ta ƙofofin nan. Shukar da ke cikin ƙishirwa ta rufe ƙofofinta, saboda haka guba kaɗan take shaƙa. Shukar da ta ƙoshi da ruwa kuwa ƙofofinta a buɗe suke, tana zuƙar iska da dukan abin da ke cikinta. Ma'anar wannan a ƙasarmu ita ce, a watannin Disamba da Janairu da Fabrairu, sa'ad da aka riga aka kai masara da dawa rumbu, daji yana ci da wuta, sararin sama ya yi hazo, wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai lambu, wanda yake ban-ruwa safe da yamma; kuma abin takaici, tumatir da albasa da kankana da latas da dangin wake suna cikin amfanin da bincike ya nuna ba su jure wa ozon. A daidai wannan lokaci ne kuma mangwaro da kashu suke fure. Har ila yau ozon, idan ta daɗe tana dukan ganye, takan sa ƙofofin su yi nauyin rufewa, ta yadda idan ƙishirwa ta zo shuka ba ta iya tsare ruwanta yadda ya kamata. Ina faɗin wannan ne ga matasanmu masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, da 'yan'uwanmu masu ƙona shi don toho ya fito wa dabbobi, da mu manoma masu ƙona karan gona don sauƙin sharar bazara: hayaƙin ba a wurin da aka tayar da shi yake tsayawa ba, a lambun maƙwabci yake sauka, kuma haƙƙin maƙwabtaka abu ne da shari'a da al'ada duka suka girmama.

Amma fa na'urar nan, duk da kaifinta, tana faɗin cewa ganye yana wahala ne, ba ta faɗin wanda ya wahalar da shi. Rashin taki yana sauke awo. Wuta-wuta, wadda ke tsotsar saiwar dawa da masara tun ba ta ɓullo ba, tana sauke shi. Ruwa idan ya kwanta a gona ya shaƙe saiwa, da tsananin zafi, da cutar ganye, da maganin feshi da aka zarce ƙima, duk suna sauke shi. Wanda ya auna gona guda rana guda ya yanke hukunci cewa hayaƙi ne, ya yi gaggawa. Hanyar da take ingantacciya ita ce ta gwaji da kwatantawa: iri guda, shukar rana guda, taki guda, a sa wani a bakin babbar hanya wani kuma can ciki inda ƙura ba ta kaiwa, a kowane wuri a raba biyu, a ƙosar da rabi da ruwa a rage wa rabi, a wanke waɗansu ganyaye a bar waɗansu da ƙurarsu, a auna da asuba a auna da azahar, mako bayan mako, a ganyaye masu yawa ba ɗaya ko biyu ba, a haɗa da awon damshin ƙasa da na iskar wurin, daga ƙarshe a auna abin da aka girba, domin buhu shi ne alƙalin da manomi ya yarda da shi.

Paikon Kore wuri ne da ya dace da irin wannan aiki ƙwarai. Ga gonakin damina, ga lambuna, ga makiyayar da gwamnati ta keɓe, ɗaya daga cikin huɗu na Babban Birnin Tarayya tare da ta Karshi da Kawu da Rubochi, inda sanin irin ciyawar da ta fi daɗewa tana aiki bayan ɗaukewar ruwa, gamba ce ko kyasuwa ko waɗanda ake shukawa, yake daidai da sanin yawan nonon da za a tatsa da rani. Ga Jami'ar Abuja da tsangayarta ta aikin gona a kusa, ga ofishin malaman gona a Gwagwalada, ga reshen cibiyar binciken noma ta IITA a Kubwa. Can arewa kuma ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ya koma 1922, inda irin masarar nan mai suna SAMMAZ yake fitowa, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano. Masu tace iri su ne suka fi kowa cin moriyar wannan awo, domin mutumin da ke da nau'i ɗari biyar na masara yana neman wanda ya fi jure ƙishirwa zai iya ratsa su cikin 'yan kwanaki, ya ga waɗanda ke farfaɗowa da asuba da waɗanda ba su farfaɗowa, ya rage waɗanda zai ci gaba da gwadawa. Ina kira ga shugabannin waɗannan wurare da su fito da na'urorin nan gonakin talakawa, gama irin da aka gwada a fili mai shinge, nesa da hanya, ba lalle ne ya nuna halinsa na gaskiya a gonar da tifa take bi ta gefenta ba.

Abin ya kai har daga sama ake awon nan yanzu. A cikin hasken rana akwai waɗansu siraran gurabe masu duhu, inda wasu launuka suka ɓace tun kafin hasken ya iso mu, kuma jan ƙyallin tsirrai yakan ɗan cike waɗannan gurabe, tauraron ɗan Adam kuwa yana iya ganin cikewar. Da tauraron Japan mai suna GOSAT, wanda aka harba a 2009, aka fitar da taswirar farko ta ƙyallin tsirran duniya a 2011. A Oktoban 2017 Turai ta harba wani mai ɗauke da na'urar TROPOMI, wanda yake ratsawa ta samanmu kullum wajen ƙarfe 1:30 na rana, yana auna ƙyallin tsirrai, yana kuma auna wata gurɓatacciyar iska mai sinadarin naitirojin da ke fita daga motoci da wutar daji. Wannan yana da amfani ga hukuma, don ta san yankin da fari ya fara kamawa tun kafin kuka ya iso ofis. Sai dai ɗigo guda na hotonsa ya kai kilomita 5 da rabi a tsawo, 3 da rabi a faɗi, watau ya haɗiye gonaki ɗaruruwa da gidaje da daji a lamba ɗaya, girgije mai kauri kuma yana tare shi. Gonar Malam mai kadada biyu ba ta fitowa a ciki, sai an taka an je.

Idan aka je ɗin kuwa, mai na'ura ba zai iya fassara lambarsa ba sai da bayanin mai gona. Saboda haka, iyayena manoma, duk ranar da malamin gona ko ɗalibin jami'a ya yi sallama a gonarku da ɗan matsinsa a hannu, ku karɓe shi, ba abin da zai cire daga shukarku. Ku gaya masa ranar da kuka yi shuka da sunan irin, da ranar da aka yi ruwan ƙarshe, da takin da kuka sa da yawansa, da maganin da kuka fesa, da ranar da wuta ta ci dajin da ke kusa, da kusurwar gonar da ta saba fara yaushi kowace shekara. Wanda yake da yaro a makaranta ya sa shi ya riƙa rubuta waɗannan a littafi tun daga ruwan farko, da boko ko da ajami. Ku kuma, 'ya'yanmu ɗalibai, idan kun gama awo ku koma ku gaya wa mai gona abin da kuka samu, da harshen da yake ji, tun amfanin yana tsaye a gona.

A nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen wuta-wuta da hanyoyin rage ta a gonar dawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu da dabbobinmu.